Igiyar Shanya a Rumfar Tumatir

Malam Abdulbaƙi ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, ashirin daga ciki a sashen da ake buɗe fayil a gano wanda ya yi laifi. Da ya yi ritaya ya dawo gidansa na unguwar Takur, sai ya rasa wanda zai bincika, domin gidan daga shi sai matarsa Hajiya Lauratu sai autarsu Ikilima, kuma duk cikinsu babu mai tsoron jan bironsa. Abin da ya rage masa daga ofis shi ne fararen kaya. Ba ya sa komai sai fari, yana sauyawa sau biyu a yini, zanen gadonsa ma fari ne, kuma ba ya kwana uku a kan guda. Bai taɓa tambayar yadda kayan suke komawa fes ba. Shi dai ya san yana ajiye su a kwando, su dawo a ninke.

Ikilima tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin noma. Aikin da za ta kammala karatu da shi shi ne noman tumatir a rumfar leda a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin suke ɗaukar zafi tun hantsi su riƙa maida wa mutane har magariba. An yarda ta kafa rumfar a bayan gida: ƙarafa, rufin leda, raga ta kowane gefe don iska, da tumatir arba'in, kowanne a buhunsa. Wurin da ta kafa ta nan ne igiyar shanyar mahaifiyarta take tun da aka gina gidan. Ba wanda ya tambayi Hajiya. An dai kwance igiyar an naɗe an rataye a ƙusa.

Tumatir ya fara fure ke nan sai aka tura 'yan ajinsu gonakin rani na Haɗeja, mako uku. Ranar da za ta dawo kuma ita ce ranar da malamarta, Dakta Mu'minatu, za ta zo gida ta duba rumfar. Ikilima ta zaunar da mahaifinta ta yi masa bayani dalla-dalla. In aka samu talatin da ransu, aikin ya karɓu. In suka gaza talatin, sai ta sake shuka, ta sake shekara, ƙawayenta su tafi bautar ƙasa su bar ta. Ta nuna masa wani ɗan ma'auni kamar agogon tebur da yake rataye a tsakiyar rumfar, lambar sama zafi, ta ƙasa danshin iska. Sau uku zai duba ya rubuta: da safe, ƙarfe biyu, da yamma. Ruwa gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ta kuma gaya masa cewa ganye yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake fitar da ruwa kamar yadda mutum yake gumi. In iska ta yi zafi ta bushe, zuƙe ruwan ganyen take yi fiye da abin da saiwa za ta iya turowa. In kuma ta cika danshi ba ta motsi, ganyen ya kasa fitar da komai, ya dahu a tsaye. Malam yana ta gyaɗa kai irin wanda ya saba yi a taron ma'aikata. Hankalinsa yana kan littafin da ta ba shi, yana lissafin layi nawa zai ja da rula.

“Baba, ka ji ni kuwa?”

“Auta, na riƙe ma'aikata guda da direbobinta. Tumatir arba'in ne za su gagare ni?”

Ta hau adaidaita sahu zuwa tasha tana waiwaye.

Makon farko komai ya tafi daidai. Tumatir kore shar, fure ko'ina. Ƙarfe biyu in ya dawo daga sallar azahar ya tarar da zafi talatin da shida, danshi hamsin da 'yan kai, ƙasan rumfar a jiƙe da sanyi-sanyi. Ya ɗauka ruwan da yake tsiyaya daga buhuna ne. A majalisarsu ta gindin darbejiya, kusa da masallaci, ya fara ba da lacca a kan noman zamani, har da zana taswira a ƙasa da tsinken sakace. Abokinsa Malam Aji, tsohon direban ma'aikatarsu wanda ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa shi, ya ce shi dai a iya saninsa tumatir a fadama yake fita, ba a cikin leda kamar biredi ba.

Ranar Talata ta mako na biyu Malam ya manta tabarau. Ya dawo gida daga majalisa wajen sha ɗaya da rabi, ya ce bari ya leƙa ma'aikatansa na rumfa tunda ya zo. Yana ɗaga labulen ragar ya tsaya cak.

Igiya ce daga wannan ƙarfe zuwa wancan, layi uku. A kanta ga zannuwan gado biyu, ga jamfofinsa huɗu, ga wanduna, ga singileti, duk sharkaf, suna ɗiga tsakanin layukan tumatir kamar an yi yayyafi. Wandonsa guda yana lilo daidai saitin ma'aunin jami'a. Hajiya Lauratu tana tsaye a tsakiya da baho, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Bai yi ihu ba, shi ba mai ihu ba ne. Ya tambaye ta tun yaushe ake wannan ɓarna. Ta ce tun ranar da aka kafa rumfar, ita ma Auta da safe take ficewa makaranta, ba ta taɓa gani ba. Ta ce a ina ake so ta yi shanya, a kan katanga awakin maƙwabta su cinye masa hannun riga? Nan kuwa ba tsuntsu, ba akuya, kaya su bushe kafin ta gama wani zubin, ta kwashe ta sake shanyawa, da an kira azahar ta naɗe igiyarta. Ta ƙara da cewa ita a ganinta tumatirin ma daɗin abin suke ji.

Wannan maganar ce ta fi ɓata masa rai. A ce aikin ilimi, aikin jami'a, a zo a rataya masa wando, sannan a ce yana jin daɗi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko farar takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa daga yau an haramta shanya a wannan wuri, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya liƙa a ƙofar rumfar. Ya nemo kwaɗo ya datse. A littafin Ikilima, a layin ƙarin bayani, ya rubuta da jan biro: an kawar da shanya.

Hajiya ta karanta takardar sau biyu. Ta ce shekara talatin da huɗu da aure, yau ta samu wasiƙa daga gare shi, ta gode. Daga ranar ta riƙa kai wankinta gidan ƙanwarta a unguwar Yalwawa, ta wanke a can ta shanya a can ta dawo da yamma.

Laraba ƙarfe biyu Malam ya buɗe kwaɗo ya tarar da tumatir sun sunkuyar da kai gaba ɗaya, ganye ya langaɓe kamar tsumma. Ma'auni ya ce zafi arba'in da uku, danshi goma sha tara. Ya rubuta lambobin da kyakkyawan rubutu, amma bai tsaya ya tambaye su me suke nufi ba, domin shi a wurinsa lamba abin adanawa ce. Abin da ya gani shi ne ƙishirwa, maganin ƙishirwa kuwa ruwa. Ya ƙara wa kowanne gwangwani. Da yamma suka ɗan miƙe, ya ji daɗi. Alhamis suka sake faɗuwa, ya ba su biyu. Juma'a ya ba su huɗu, har buhunan suka zama taɓo suna wani wari. Duk da haka da rana ta take sai su langaɓe, ƙafarsu a cikin ruwa, kansu yana mutuwa da ƙishi. Fure ya fara zuba. Ranar Asabar guda huɗu suka yi rawaya suka kwanta, ba su ƙara tashi ba.

Ikilima tana kira kowace yamma. Ya ce mata lafiya lau, ana dai fama da zafi. In ta ce ya karanto mata lambobi sai ya ce layin ba kyau, ba ya jin ta sosai, alhali yana jin har kukan tsuntsayen da suke bayanta. Ƙarya ba ɗabi'arsa ba ce, kuma ta zauna masa a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Da abin ya ishe shi ya kai ƙara majalisa, amma ya ce wani maƙwabci ne abin ya samu. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya nuna. Malam Aji ya gyara zama, ga dama ta samu ya koyar da tsohon ubangidansa. Ya ce ai abin a fili yake, iskar nan mai zafi da take ratsa ragar ita take busar da su, kamar yadda take busar da kilishi. A gaya wa maƙwabcin ya toshe ko'ina, kada ya bar ko ƙofar allura. Rabin maganarsa gaskiya ne, kuma rabin nan ne ya ja Malam ya faɗa cikin ɗaya rabin.

Lahadi da sassafe ya kwashe tabarmin gidan, da ledar da ake rufe buhunan gero, da wani tsohon labule, ya rufe ragar ruf ta kowane gefe. Hajiya tana kallonsa daga ƙofar kicin. Ƙarfe biyu ya dawo, ya shiga ya ja ƙofa. Nan take tabarau ɗinsa suka yi fari fat, bai ga komai ba. Wani tururi ya rufe shi, ruwa yana ɗigo masa a wuya daga rufin leda. Ya cire tabarau ya kai hanci jikin ma'aunin: zafi arba'in da tara, danshi casa'in. Ya nemi ƙofa ya rasa, ya yi karo da buhu, ya kama ƙarfe ya ƙone shi, ya fito da rarrafe, farar jamfarsa ta manne a jiki, gwiwoyinsa duk taɓo.

Hajiya, wadda ranar ba ta je Yalwawa ba, tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

“Malam, da ka ce sirace kake so, ai da na dafa maka ganyen darbejiya na ba ka bargo. Ba sai ka haɗa da tumatirin yarinya ba.”

Malam ya yaye tabarmin. Washegari da ya ƙirga, biyar sun bi huɗun farko. Saura talatin da ɗaya, kuma saura kwana takwas Ikilima ta dawo da malamarta. Biyu kacal za su ƙara mutuwa ya cinye wa 'yarsa shekara guda. A karon farko tun da ya ajiye aiki, Malam Abdulbaƙi ya ji tsoro na gaske.

Da tsoron ya kama shi sai ya koma ga abu ɗaya da ya iya. Bayan karin kumallo ya ɗauko tebur ya ajiye a zaure, ya buɗe littafin, ya ɗora rula, ya ce yau sai ya gano mai laifi. Ya bi layin ƙarfe biyu da yatsa daga sama. Hamsin da biyar, hamsin da bakwai, hamsin da huɗu, haka har kwana takwas. Sai kwatsam goma sha tara. A aikinsa na da, in lamba ta yi irin wannan tsalle, abin da ake tambaya guda ne: me ya faru ana gobe, kuma wa ya sa hannu? Ya ja yatsa zuwa layin ƙarin bayani. Ga shi nan da jan biro, rubutun da ya fi kowane rubutu sani a duniya: an kawar da shanya.

Ya daɗe yana kallonsa. Maganar Ikilima ta dawo masa, 'yan ƙofofin ganye da iska mai zuƙa. Ashe jiƙaƙƙun kayan nan su suke shayar da iskar ta ƙoshi, ta ƙyale tumatir. Ya yi bincike sama da ɗari a rayuwarsa, bai taɓa samun wanda hujja ta kama ƙuru-ƙuru irin wannan ba, ga sa hannu ga kwanan wata.

Mai laifin bai miƙa kansa nan take ba. Da Hajiya ta ɗauki ƙullin wankinta ta tafi Yalwawa, ya sakaya ƙofar gida, ya ciro igiya daga ƙusa ya ɗaura. Kayan datti babu, ta tafi da su. Ya buɗe akwati ya ɗebo wankakku, gogaggu, har da babbar rigar shaddar da ya sa ranar walimar ritayarsa, ya tsoma su a baho. Ya matse kowanne da ƙarfinsa har ba ɗigo, don shi ba ya aikin ha'inci, ya shanya su a jere. Kafin rabin awa sun bushe ƙayau. Ƙarfe biyu ma'auni ya ce ashirin da shida, tumatir na nan a sunkuye, guda ɗaya ma ya fara rawaya.

A haka Hajiya ta dawo ta same shi, zaune a kan bokiti a ƙofar rumfa, hannun riga a naɗe, babbar rigarsa tana rataye a bayansa. Ta dubi igiyar, ta dubi takardar da take liƙe har yanzu, ta dube shi. Ya tashi ya ɓamɓare takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Sannan ya yi mata bayanin binciken tun daga farko, da lambobi, yana ta zagaye-zagaye, har dai ya iso inda ba hanya ya ce shi ne ya yi kuskure, yana roƙon ta dawo da shanyarta.

Ta ce ita ba ta san lamba ba. Abin da ta sani, randa in ta jiƙe ta waje ruwanta ya fi sanyi, kuma duk sanda ta shiga rumfar da jiƙaƙƙen zane takan ji wurin ya sauko. Ta taɓa babbar rigar ta ji ta ƙandare.

“Matsewa ka yi?”

“Ƙwarai. Ai haka ake wanki.”

“To shi ya sa. Ni ba na matsewa. Yadda na tsamo su haka nake ratayawa, su yi ta zuba a ƙasa.”

“Don me ba kya matsewa?”

Sai ta miƙo masa hannayenta. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, biyu sun karkace, ta gwada dunƙulewa suka tsaya a rabi. Ta ce yau shekara biyu ke nan ba ta iya murɗa zane, sanyin ƙashi ne, in ta matsa har kafaɗa take jin sa. Shi ya sa rumfar ta yi mata rana, don a can ko ba a matse ba kaya suna bushewa.

Shekara biyu. Jamfa biyu kowace rana, zanen gado duk kwana biyu. Malam, wanda yake alfaharin ba abin da yake wuce idonsa, ya tsaya yana kallon hannayen da suke miƙo masa abinci sau uku a yini. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a rubuta wa kowa amsarta. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ya bar wannan, ya je ya ɗebo ruwa, la'asar ta kusa kuma tumatir ba su san an shirya ba.

Kwana bakwai da suka rage Malam bai je majalisa da hantsi ba. Ƙarfe goma yake tsoma kaya ya rataya suna zuba, in sun bushe ya sake tsomawa, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, raga a buɗe iska tana wucewa. Ruwan buhuna ya koma gwangwani ɗaya. Hajiya tana kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, kuma ba ta rage masa komai ba. Malam Aji ya zo dubiya don an ce ba shi da lafiya, ya same shi da zanen gado a kafaɗa, ya koma ya gaya wa majalisa cewa jikin da sauƙi amma a ci gaba da addu'a. Wanda ya fara rawaya ya mutu. Sauran suka ɗago kai, sabon fure ya fito, ma'auni ya koma hamsin da 'yan kai.

Ranar Talata Ikilima ta sauka daga adaidaita tare da Dakta Mu'minatu. Ta nufi bayan gida da sauri, ta ɗaga raga, ta ga singiletin mahaifinta yana ɗiga a kan aikin digirinta. Sai ta fara ƙirga, ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Talatin cif.

Dakta Mu'minatu ta karɓi littafin ta zauna da shi a kan bokiti. Ta karanta makon shanya, da kwanakin da aka hana, da ranar sirace, da dawowar shanya, duk an rubuta ba a ɓoye ko ɗaya ba, don Malam ko a kansa ba ya gyara fayil. Ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce wa Ikilima ta samu gwaji uku a rumfa ɗaya ba tare da ta nema ba, ta rubuta su duka yadda suka faru. Sannan ta tambaya wa ya kawo dabarar rataya jiƙaƙƙun kaya.

Malam ya gyara tsayuwa. Ya nuna Hajiya, wadda take leƙe daga ƙofar kicin.

“Ita ce. Ni nawa aikin shi ne na kore ta da takarda.”

Ikilima ta kammala tare da 'yan ajinsu. Da damina ta kusa aka tsinke tumatir na ƙarshe, aka kwance rumfar, igiya ta koma inda take tun asali. Malam ya kai Hajiya asibiti aka duba hannun, ya kuma rage sauya kaya zuwa sau ɗaya, abin da majalisa ta ɗauka alamar tsufa ce. A fili kuwa shanya sai an matse, don haka kullum ƙarfe goma yana bayan gida yana murɗa zannuwa, ita tana zaune tana gaya masa ya bi a hankali, ya riga ya tsinke maɓalli uku a mako guda.